Lahadi ɗaya a Village Vanguard: yadda ake sauraron makaɗa uku suna hira

Ku kasa kunne da kyau. Bayan sautin fiyano akwai ƙarar kofuna, akwai mutane suna hirarsu a teburi, wani lokaci har da dariya. Ba kuskure aka yi wajen naɗa ba. Haka ɗakin yake a ranar Lahadi 25 ga Yuni, 1961, a wani gidan kiɗa da ke ƙarƙashin ƙasa a birnin New York na Amurka, mai suna Village Vanguard. Masu surutun nan ba su san abin da ake yi a gabansu ba, ba su kuma san muryoyinsu za su shiga ɗaya daga cikin fayafayan jaz, wato wani salon kiɗan Amurka, da aka fi girmamawa a duniya ba.

Mutum uku ne a kan dandamali. Bill Evans a fiyano, wanda shekara biyu kafin nan ya yi kiɗa tare da fitaccen mai busa ƙaho Miles Davis a faifan Kind of Blue. Paul Motian a ganguna. Sai Scott LaFaro, saurayi ɗan shekara 25, riƙe da bes, wato ƙaton gogen nan da ake jingina shi a ƙasa, ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsu. Sau biyar suka hau dandamali a wannan rana, biyu da rana, uku da dare, kamfanin Riverside yana naɗa. Daga nan aka fitar da fayafayi biyu: Sunday at the Village Vanguard da Waltz for Debby. Na farkon ne za mu saurara yau.

To, me ya bambanta shi da sauran?

A al'adar jaz ta wancan zamani, in aka haɗa waɗannan kayan kiɗa uku, mai fiyano ne uban tafiya. Mai bes aikinsa ya riƙa taka ƙasa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, mai ganga kuma ya tsare lokaci. Kusan kamar mawaƙi da 'yan amshinsa: kowa ya san gurbinsa, ba mai tsallakewa. Evans bai gamsu da wannan tsari ba. So yake a yi hira, kowa ya sa baki.

[A ɗaga sautin Gloria's Step, kiɗan farko a faifan]

Ga abin da za ku yi. A sauraron farko ku manta da fiyano gaba ɗaya, ku bi bes kawai. Na san da wuya, don kunne ya saba bin abin da ya fi ɗaga murya. Amma ku daure. Za ku ji LaFaro ba ya tsayawa a ƙasa. Yakan hau can saman tsirkiya, inda masu bes da yawa ba sa zuwa, ya ba Evans amsa tun kafin ya rufe baki, wani lokaci ma ya katse shi. Evans kuwa ba ya jin haushi. Sai ya sassauta hannunsa na hagu, ya bar masa fili. Wannan barin filin shi ne ya fi burge ni a faifan baki ɗaya, don gwanin da ya iya yin shiru domin wani ya yi magana ba a ko'ina ake samunsa ba.

Motian fa? Shi ne aka fi mantawa da shi, kuma rashin adalci ne. Sau da yawa ba sanda yake riƙewa ba, wata 'yar tsintsiyar waya ce yake shafa fatar ganga da ita, sautin ya fito shuu kamar yayyafi a kan kwano. In kun koma sauraro na biyu, shi za ku bi. A kiɗan Solar, wanda ake danganta tsara shi ga Miles Davis, za ku ji su ukun sun watse kamar kowa ya kama gabansa, sai can su haɗu a wuri guda ba tare da wani ya ba da alama ba.

Kada ku saurari wannan faifai a kasuwa ko cikin mota. Da dare, in gari ya yi tsit, da abin sauraro a kunne, don lasifikar waya tana haɗiye sautin bes.

Kwana 11 bayan wannan Lahadi, ranar 6 ga Yuli, LaFaro ya rasu a haɗarin mota a jihar New York. Evans ya yi watanni bai fito ya yi kiɗa a bainar jama'a ba. Da aka zo haɗa faifan, shi da Orrin Keepnews na Riverside sun zaɓi kiɗan da hannun marigayin ya fi fitowa a ciki. Shi ya sa faifan ya buɗe da Gloria's Step, ya rufe da Jade Visions, duka biyun LaFaro ne ya tsara su.

Jade Visions gajere ne, bai kai minti huɗu ba. Bes ne ya fara, yana maimaita 'yan sautuka kaɗan a hankali, fiyano ya shigo kamar mai sanɗa. Ga shi nan, bari in yi shiru ku ji.

[Jade Visions, har zuwa tafin jama'a]