Jere: Yadda Mata Ke Ƙawata Ɗakin Amarya, Daga Ƙwarya Zuwa Tangaran

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana ɗaya ko biyu kafin a kai amarya, akwai tawagar da ke riga ta isa gidan miji. Babu ango a ciki, babu abokansa. Gwaggonni ne da innoni da yayyen amarya da aminan uwarta. Su ne 'yan jere, kuma aikin da za su yi a ɗakin nan aikin fasaha ne, ko da yake ba wanda ke kiransu masu zane.

In ana maganar adon gida a ƙasar Hausa, hankali yakan tafi bangon waje: zanen dagi a fuskar zaure, zankwaye a kan soro, irin gidajen da ake gani a birnin Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram. Wannan aikin magina ne, maza, kuma maigida ne ke biya don mai wucewa ya san gidan wane ne. To amma a wuce zaure, a shiga cikin gida, sai ado ya koma hannun mata.

Daga ƙasa ake farawa. Kafin siminti ya wadata, mata ne ke yin daɓe. Su taru da madaɓai, ana duka ana waƙa, ana yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa. In ya bushe, sai ka ga ƙasa ta yi ƙarfi, ta yi duhu-duhu tana sheƙi. Waƙar ma ba ta banza ba ce, ita ke daidaita saukar hannu, kuma a cikinta ake zuba habaici ga kishiya da dangin miji.

Sai jeren kansa. A da can ƙore ne. Ƙwarya ta sha sassaƙa ko zanen wuƙa mai zafi, a rufe ta da faifai mai rini, ga akushi baƙi wuluk a gefe. Mai hali takan ƙara da tasoshin tagulla, irin waɗanda maƙeran Bida suka shahara da su. A zamanin Turawa kwanukan fenti suka shigo daga Turai, daga baya daga Hong Kong, har aka kafa masana'antunsu a Najeriya wajen shekarun 1960. Nan jere ya samu sabuwar fuska: langa, fanteka, kwalla, samira, masu furanni ja da shuɗi da ruwan ɗorawa.

Ku lura da yadda ake ɗora su. Babba a ƙasa, mai bi masa a kai, a yi ta hawa har a kusa taɓa rufi. Layi ya miƙe, launi ya bi launi, furen kowane kwano ya fuskanci ƙofa. Za ka ga tsohuwa ta ja da baya, ta ƙanƙance ido, ta ce, “A'a, Yaya, sauke wannan, ya ɓata layi.” A sauke, a sake. Ana iya wuni a kan bango ɗaya. Kuma yawancin kwanukan nan ba za a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba. Na kallo ne. Masu kallon ma suna nan tafe, wato 'yan ganin ɗaki, kuma idonsu ba ya kuskure. Kafin magariba labari ya zaga unguwa: an yi wa 'yar wance jere na gani na faɗa.

Amma jere bai tsaya ga kyau ba. Kayan ɗaki mallakar mace ne, miji ba shi da iko a kansu. In aure ya mutu, da abinta take fita. In rana ta ɓaci, ta zare kwalla ɗaya a kai kasuwa ko a ba dillaliya. In 'yarta ta isa aure, wani abu daga ciki ya koma sabon ɗaki. Shi ya sa uwa ke fara tari tun yarinya na ƙarama, da kuɗin adashi da ribar sana'ar cikin gida. A nan ne kuma abin yake da ɗaci, don sau da yawa tallar da ke hana yarinya zama a aji, da sunan tara kayan ɗaki ake ɗora mata ita. Gasa ma ta shigo, har iyaye na cin bashi don gudun gori.

Yau a birane kwanukan fenti sun ja baya. Tangaran da kofunan gilashi sun shige kabad, gado da kujeru da labule suka karɓe ɗaki, jeren gaske ya koma kicin. Wasu ma haya suke yi ta masu shirya ɗaki, a zaɓo fasali daga hoton waya. Ni dai a ganina an samu sauƙi, amma ɗakunan sun fara kama da juna, alhali a da kana shiga za ka gane hannun dangin da suka yi aikin. A ƙauyuka da yawa kuwa har gobe ana jera kwanuka a bango.

Wanda ke son ganin tsohon salon da idonsa, in ya shiga Kano ya leƙa Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. A cikin ɗakunan tarihin da ke wurin akwai wanda aka shirya shi kamar ɗakin amaryar da.