Bindigar da ke hannun Kaka a hoton Boma

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, yau daga Bamingam ta Ingila nake muku magana, sanyi kam ba a cewa komai.

Sati biyu da suka wuce ƙanina da ke Tudun Wadan Kaduna ya turo min wani hoto ta WhatsApp, a akwatin ƙarfen Hajiya ya tsinto shi, hoton kakanmu ne Allah ya jiƙansa, yana sanye da kakin soja ya dogara bindiga a ƙasa. Shi ɗan Boma ne, yana cikin mazan jiyan da Turawa suka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Boma, wato ƙasar Burma, lokacin yaƙin Hitila, rundunoni biyu ne, ta 81 da ta 82. Na kira Kawu na ce Kawu wai wace irin bindiga ce wannan a hannun Kaka? Ya ce kai ɗan nan makfo ce mana, irin ta 'yan sandan da. To ni dai raina bai kwanta ba, shi ne na zo shagon nan na kayan tarihin soja.

Dattijon mai shagon da ya karɓi wayata bai ma kalli fuskar Kaka ba, bakin bindigar ya buɗo da yatsa. Ya ce Lee-Enfield ce kam, amma ba lamba 4 da Kawu ke kira makfo ba ce, yayarta ce, lamba 1 mak 3, wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1907. Ku kalli nan dan Allah, kun ga katakon ya taho har baki an daɗe shi da murfin ƙarfe, hancin ya zama guntu kamar an datse? To ita lamba 4 da ta shigo 1941 bututunta leƙowa yake waje, kuma abin saitinta can baya yake kusa da ido, wannan kuwa a tsakiyar bututu yake. Banatinsu ma daban, na wannan dogo ne kamar takobi, inci 17, na waccan kuwa tsinke ne kawai kamar babbar ƙusa. Harsashi dai iri ɗaya suke ci, .303, guda goma goma.

Sai ya ɗauko min irinta, wallahi da na riƙe sai da jikina ya yi sanyi, kusan kilo huɗu, mutum ya saɓa wannan cikin ruwan sama da taɓo a dajin Boma wata da watanni.

Ga inda ake karanta asalinta, wannan zoben ƙarfen da ke saman kunama ta dama. Kambun sarauta, ƙarƙashinsa GR wato Sarki Joji, sai BSA, kamfanin garin nan ne na Bamingam, sai shekara 1918. In kun ga GRI to a Ishapore ta Indiya aka ƙera ta, in Lithgow ce Ostireliya. Wannan 'yar kibiyar kuma shaidar kayan gwamnatin Ingila ce.

Maganar kuɗi fa, nan ne mutane ke yaudarar kansu, ana jin shekara ɗari sai a fara lissafin gida a Malali. An ƙera irin wannan miliyoyi, tsufa kaɗai ba ya sa ta tsada. Abin da masu saye ke bi shi ne lamba, lambar da ke jikin bindigar ta zo ɗaya da ta sakata da ta bututu da ta murfin hanci, in an yi haɗe-haɗe farashi ya faɗi. In an buga mata DP ta fareti ce kawai, ba ta da daraja sosai. Sai abin da ya fi ba ni takaici, wani zai sa samfefa ya goge katakon ya shafa fenti wai ta yi kyau, alhali tambarin da ke jikin katakon ya tafi kenan har abada, ya kankare tarihin da kuɗin gaba ɗaya. Wadda ke hannuna an kashe ta, ba ta harbi, da takardar shaida daga ofishin gwajin bindigogi na Bamingam da ke aiki tun 1813, kuma fam ɗaruruwa ake maganarta, ba dubbai ba.

Mutanen gida a ji ni da kyau, a Najeriya dokar makamai ta hana riƙe bindigar soja, ko ta yi tsatsa, wanda ya tsinci irinta a kayan gado ya sanar da hukuma, kar ya ce zai nemi mai saye.

Shi Kaka bindigarsa ya mayar ranar sallama, hoton ne ya rage mana. Na ce wa ƙanina kar ya kuskura ya kai shi a liƙe da roba, ya sa shi cikin ambulan tukuna, sannan ya roƙi Hajiya su sake zazzage akwatin nan ko takardar sallamarsa na ciki, don lambarsa ta soja nake nema, da ita zan san bataliyarsa. Kawu kuma anjima in sun fito daga Isha'i zan kira shi.