Yaushe Turawa Suke Fara Kwalliyar Gida Don Kirsimeti, Kuma Yaushe Ya Fi Dacewa?

Jama'a barkanku da wannan lokaci. Duk wanda ke zaune a Ingila ko Amurka ko Jamus, ko kuma yana bin hotunan can a waya, ya san da zarar Nuwamba ta kama sai ka ga gidaje sun fara ƙyalli da ƙananan fitilu, wasu ma tun ba a gama Oktoba ba, kuma duk shekara sai an yi ta musu akai, wannan ya ce an yi gaggawa wancan ya ce ina ruwanka ai gidana ne. Toh yau zamu duba abin daga tushe.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne duhu. Mu nan ko da hunturu rana tana kaiwa wajen shida kafin ta faɗi, amma a Landan cikin Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, mutum ya fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu ga sanyi kamar me. Kuma a ƙarshen Oktoba ne Turai suke mayar da agogo baya da awa ɗaya, Amurka kuma Lahadin farko ta Nuwamba, sai kawai dare ya ƙara saurin yi. Shiyasa ni dai bana ganin laifin wanda ya rataya fitilunsa da wuri, hasken yana taimaka musu sosai wallahi, ba don ado kaɗai suke yi ba.

Kowace ƙasa kuma da nata lokacin. A Amurka yawanci ana jira sai an gama bikin godiya na Thanksgiving, wanda ake yi Alhamis ta huɗu a Nuwamba, washegari ko a ƙarshen wannan makon sai a fito da kaya, kuma babbar bishiyar Kirsimetin nan ta dandalin Rockefeller Center a New York ma bayan wannan bikin ake kunna ta. A Italiya ranar 8 ga Disamba ce, ranar hutu ce ta cocin Katolika, iyali su taru su kafa bishiya. Jamusawa kuwa, waɗanda daga wajensu al'adar bishiyar ta bazu, a gargajiyance sai ranar 24 ga Disamba suke ƙawata ta, jajibiri kenan, kafin nan abin da suke ajiyewa shi ne wani zobe na ɗanyen ganye mai kyandir huɗu, duk Lahadi a ƙara kunna ɗaya. Waɗannan Lahadi huɗu su ne ake kira Advent, kuma ta farkon tana faɗowa ne tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, iyalai da yawa masu bin kalandar coci da ita suke farawa. Sai kuma Filifin, su kam ba sa jira, tun Satumba ake fara jin waƙoƙi ana rataya fitilu masu siffar tauraro, wata huɗu cur ana abu ɗaya.

Amma fa ainihin abin da ya kamata ya yanke maka ranar farawa shi ne irin bishiyar da zaka saka, kuma nan ne nake so mu ɗan tsaya. Bishiya iri biyu ce, akwai ta roba da ake ninkewa a kwali a ɗauko duk shekara, akwai kuma ta gaske wadda ake sarowa daga gona a kawo cikin falo. Ta gasken nan tun ranar da aka sare ta ta fara mutuwa, in ka kula da ita sosai zata kai maka sati huɗu zuwa biyar tana da kyau, bayan nan sai ganye ya fara zuba, reshe ya saki. Yanzu yi lissafi da kanka, wanda ya sayo ta ranar 10 ga Nuwamba don ɗoki, kafin 25 ga Disamba ta yi sati shida da ɗoriya a ɗaki mai hita, ranar da baƙi zasu zo ranar ce ta fi muni. Kuma abin bai tsaya ga muni ba, busasshiyar bishiya irin wannan tana kamawa da wuta cikin ƙiftawar ido, ga wayoyin lantarki nannaɗe a jikinta, ga labule kusa. Shiyasa masu kashe gobara a can duk shekara suke ta jan kunne a kanta.

Don haka in ta gaske ce, makon farko na Disamba ya isa, ko ma na biyu. In ka kawo ta a ɗan yanke ƙasan gindin kaɗan don ta iya shan ruwa, a tsayar da ita a mazubi mai ruwa, a riƙa dubawa kullum kar ruwan ya ƙafe musamman kwanakin farko da take sha da yawa, a nisanta ta da hita da murhu, in za a kwanta ko za a fita a kashe fitilun. Ta roba kuwa ko yaushe ka ga dama, ba ta bushewa. 'Yan uwanmu Kirista a Jos da Kaduna da Wusasa galibi ita suke amfani da ita, su matsalarsu ƙurar hunturu ce, in aka kafa da wuri sai an yi ta kakkaɓewa kafin ranar.

Fitilun waje kuma ni shawarata a ɗaura su da wuri, cikin Nuwamba kafin ƙanƙara ta fara, domin hawa tsani a kan daɓe mai santsi da hannu a sandare ba ƙaramin haɗari bane, ɗaurawa daban kunnawa daban, kana iya ɗaurawa yau ka bari sai Disamba ka kunna. A gwada su a ƙasa tukuna, duk wayar da ta ɓare a jefar, kuma kar a cika soket ɗaya da kaya. Irin na LED sun fi, ba sa zafi sosai kuma ba sa cin wuta kamar tsofaffin ƙwayaye, in da hali a haɗa da na'urar da ke kashe su da kanta cikin dare, maƙwabci ma ya samu ya yi barci. Af, wannan saka fitilar lantarki a bishiya a 1882 aka fara, wani mai suna Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison wanda ya shahara wajen ƙera ƙwan lantarki, shi ya yi a gidansa a New York, kafin nan kyandir na gaske ake liƙawa a jikin reshe, ku yi tunanin wannan kasadar.

Kasuwa ma tana da hannu a wannan gaggawar, shaguna suna baje kayan tun Oktoba saboda a wannan lokacin suke cinikin da ya fi na kowane lokaci, kamar dai yadda kasuwar yadi take cika tun azumi bai yi nisa ba. Ganin kaya a shago ba shi ke nufin ka makara ba, kuma mai son sauƙi ya jira bayan biki, a lokacin suke karya farashin ragowar, ya ajiye na baɗi.

Saukewa ma da nata ƙa'idar. A Ingila daren 5 ko 6 ga Janairu ake kwashe komai, wasu har camfi suke yi cewa barin kayan ya wuce nan ba alheri bane. Suwidin sai 13 ga Janairu, wasu Katolika kuma har 2 ga Fabrairu. Toh in kana son bishiyar gaske ta kai maka 6 ga Janairu da ɗan sauran kore a jikinta, ƙirga sati biyar baya, zaka faɗo wajen 2 ga Disamba, kar ka sayo kafin nan.