Tsatsa, Zaizaya da Kayan da Suke Jure Musu

Ku dubi ƙusar da ta kwana biyu a cikin ruwa. Jan garin da ya feso a jikinta shi ne tsatsa, kuma baƙin ƙarfe da danginsa ne kaɗai suke yin ta, idan suka haɗu da ruwa da iskar oksijin. Cin da sinadarai suke yi wa kowane irin ƙarfe kuwa, shi za mu kira zaizaya, wadda tsatsa reshe ɗaya ce daga cikinta.

Ƙarfen da ake kira sitenles, wanda Harry Brearley ya haɗa a birnin Shefil na Ingila a shekarar 1913, yana ɗauke da aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na wani ƙarfe mai suna kiromiyam. Kiromiyam ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ta yadda idan aka karce bayan cokali, fatar takan sake rufe wurin da kanta. Sai dai kirarin da ake yi masa na marar tsatsa ya ɗan wuce gona da iri, domin ruwan gishiri yana huda fatar ya bar ramuka kamar tsinin allura. Shi ya sa masu aiki a bakin teku suke barin nau'in sitenles mai lamba 304 su nemi mai lamba 316, wanda aka ƙara wa ƙarfen molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari.

Ƙarfe mai rufin tutiya kuwa dabararsa daban ce. Ana tsoma shi a narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 a ma'aunin Salsiyas, kuma ko rufin ya karce, tutiyar ce take fara cinyewa, ta zama fansar ƙarfen da ke ƙarƙashinta har sai ta ƙare.

Jure wa tsatsa ba shi ne jure wa sinadari ba, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Sanholo ba ya tsatsa, amma sodar da ake haɗa sabulu da ita tana cinye shi. Gilashi yana riƙe yawancin asid lafiya lau, ban da asid ɗin haidrofulorik, wanda sai a mazubin roba ake ajiye shi. Teflon, wani nau'in roba da Roy Plunkett ya gano a Amurka a 1938, kusan babu sinadarin da yake taɓa shi, amma yakan fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260.