Dunƙulen Ƙarfen Bakin Kan Babur Ya Karye Mini a Hamburg

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Yau ina magana da ku ne daga garejin da ke ƙarƙashin gidan da nake haya a birnin Hamburg na ƙasar Jamus, kuma abin da kuke gani a tafin hannuna shi ne dalilin wannan bidiyon. Dunƙulen ƙarfe ne da ake ɗaurawa a bakin kan babur, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wanda Jamusawa suke kira Lenkergewicht. Na yi shekaru ina hawan babur ina ɗaukarsa abin ado kawai, sai da na rasa shi sannan na san aikinsa.

Ga yadda abin ya faru. Na ajiye babur ɗina, Honda CB500F, a gefen titi da daddare na lulluɓe shi da tampol, sai iska mai ƙarfi ta taso, irin wadda duk mazaunin arewacin Jamus ya saba da ita. Tampol ɗin ya cika da iska, ya ɗaga babur ɗin daga kan jakinsa ya kayar da shi ta ɓangaren dama. Da safe na tarar da dunƙulen ya gangara ƙarƙashin wata mota, notin da ke riƙe da shi ya tsinke, guntunsa ya maƙale a cikin bututun kan. Birkin hannu bai lanƙwashe ba, totur bai fashe ba, tankin mai ma ƙwarzane kaɗan ya samu, domin dunƙulen ne ya fara cin ƙasa ya shanye bugun.

Da na ga babur yana tashi lafiya, sai na ce wannan ƙaramin abu ba zai hana ni tafiya ba. A ƙarshen makon na hau babbar hanyar A1 zuwa Lübeck, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Kafin in yi rabin hanya yatsun hannuna na dama sun mutu, ina riƙe da totur amma kamar ba hannuna ba, madubin dama kuwa rawa yake yi har ba na iya bambance mota da babbar mota a bayana. Hannun hagu lafiyarsa ƙalau. A nan ne na gane cewa laifin na dunƙulen da ya ɓace ne.

Dalilin kuwa shi ne, injin wannan babur silinda biyu gare shi, girmansa 471 cc, kuma duk lokacin da yake aiki yana tura girgiza cikin jikin babur har zuwa kai. Kan babur bututu ne mai kaurin milimita 22 wanda aka ɗaure a tsakiya aka bar bakunansa biyu a sake, saboda haka akwai wani gudun inji da idan aka kai gare shi, rawar bututun takan dace da bugun injin ta ƙaru sosai. Idan aka rataya nauyi a bakin bututun, sai wannan rawa ta sauko zuwa gudun da ba a cika daɗewa a kansa ba, ƙarfinta kuma ya ragu. Ashe nauyin shi ne aikin gaba ɗaya.

A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda nake so ku kiyaye. Na sayi wasu masu arha ta intanet, jajaye masu sheƙi, an yi su da alminiyam. Da suka iso na ɗora ɗaya a kan sikelin kicin tare da na asali da ya rage a hagu, sai na ga sabon bai kai sulusin nauyin tsohon ba. A ido ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma abin da ba shi da nauyi ba zai kashe girgiza ba. Na mayar da su, na je wurin dila na yi odar na asali na baƙin ƙarfe tare da sabon notinsa.

Wahalar aikin duka tana wajen fitar da guntun notin. Bari in matso da kyamara ku gani. A irin wannan babur, notin ba a jikin bututun yake shiga ba. Akwai wani dogon ƙarfe a ciki mai sanye da zobban roba, kuma wani siririn maƙali mai kunnuwa ne yake riƙe da shi a cikin ramukan da aka huda a jikin bututun. Sai da na kwance gidan makunnai na zare totur, na danna kunnuwan da ƙaramin sukudireba, na fesa mai ta ramin domin robar ta yi santsi, sannan na yi ta ja da filaya har ya fito. Na fi minti arba'in a kan wannan kaɗai.

Da a ƙasarmu ne, da na kai wa mai walda ya liƙa noti a kan guntun ya warware shi cikin minti biyar. A nan kuɗin aikin bakanike na awa guda ya fi kuɗin kayan da na saya, don haka na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcina, wani dattijo Bajamushe da ya yi ritaya, wanda yake da teburin aiki da matsi na ƙarfe. Shi ya nuna mini dabarar da ban sani ba. Muka matse ƙarfen, muka ɗumama shi domin gam ɗin da ke jikin haƙoran notin ya saki, muka buga alama a tsakiyar guntun, sannan ya ɗauko bakin huda na milimita 3 irin wanda yake cin ƙarfe yana juyawa ta hagu. Tun hudar ba ta yi nisa ba bakin ya kama guntun ya warwaro shi waje, haƙoran ciki ba su lalace ba. Lura da cewa mun cire zobban robar kafin mu sa zafi, in ba haka ba da sun narke.

Ɗaurawar ba ta da wuya. Notin M6 ne, wato mai kaurin milimita 6, na ɗiga masa shuɗin gam mai hana noti kwancewa. Kada ku sa ja, domin shi ba ya saki sai da wuta. Kan notin mai gicciye ne irin na Japan, wanda ake kira JIS, kuma sukudireban gicciye na yau da kullum yakan zame ya cinye shi, saboda haka na ari na dattijon. Na ɗaure shi daidai ba tare da na matsa fiye da kima ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci a ɓangaren dama shi ne tazara. Dole a bar ɗan fili tsakanin robar totur da dunƙulen, domin idan suna gogar juna totur zai iya maƙalewa a buɗe kana cikin gudu. Ku duba yadda nake gwadawa, injin a kashe: na murɗa har ƙarshe na saki, ya koma da kansa da ƙara. Na juya kan zuwa dama na sake gwadawa, na juya hagu na sake, duk ya koma.

Jiya na sake bin hanyar Lübeck a gudun da na yi a wancan karon, na je na dawo yatsuna ba su mutu ba, kuma ina iya ganin fitilun motar da ke bayana a madubi tsaf. Tampol ɗin kuwa na sayo masa igiya, yanzu ina ɗaure shi ta ƙarƙashin injin, kuma duk daren da aka yi hasashen iska ina sauko da babur ɗin nan cikin gareji.