Nas ta gaji: ta sauka daga incaj, ta canja ɓangare, ko ta ajiye aikin?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Bidiyon yau na ma'aikatan jinya ne, nas-nas da unguwarzoma na asibiti, musamman ke da kika kai matsayin da in rosta, wato jadawalin aiki, ta fito sai gabanki ya faɗi, kina ta saƙa da warwara ko ki sauka daga incaj, wato shugabancin ɗakin jinya, ko ki nemi a canja miki ɓangare, ko ma ki ajiye fararen kayan gaba ɗaya ki kama wata sana'ar. Maza ma kuna ciki, amma zan ringa cewa ke, don mata sun fi yawa a aikin.

Tou bari mu fara da gajiyar kanta. Akwai gajiyar da barcin kwana biyu ke wankewa, akwai wadda ko hutun shekara kika ɗauka ranar da kika dawo tana nan tana jiranki a ƙofar wod, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin ta biyun nan cikin kundinta a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ta kuma ba da alamunta guda uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin, sannan aikin ya daina fita yadda ya kamata. Ta tsakiyar nan ita ta fi damuna wallahi. Ke da a da in tsohuwa ta kira ki "Sista" da sauri kike zuwa, yanzu in mai jinya ya leƙo ya ce ƙarin ruwan ya ƙare sai ki ji kamar ya zage ki, ki ɗauko kwalbar allura ki karanta sunan, ki ajiye, ki sake ɗauka ki karanta don ba ki yarda da idonki ba, in kin koma gida kuma ki kwanta kina tunanin anya na rubuta maganin gado na shida kuwa? Wannan ba mugun hali ba ne 'yar uwa, jiki magayi ne.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. A Fabrairun 2024 magatakardan hukumar nas da unguwarzoma ta ƙasa ya ce nas dubu 42 ne suka bar Najeriya cikin shekara uku. Duk wadda ta tafi, gadajen da take dubawa ba su bi ta ba, kan waɗanda suka rage aka ɗora. Ƙarshen Yulin 2025 ma ai kin ga ƙungiyar nas ta shiga yajin aikin gargaɗi a asibitocin tarayya, alawus ɗin shif, wato aikin karɓa-karɓa, da ɗaukar sababbin ma'aikata na cikin abin da suka nema. Ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wadda ke zaune a Gyallesu ko cikin garin Zariya tana aiki a asibitin koyarwa na Shika ta san abin da nake nufi, kafin ki wuce Kwangila ki kai Samaru aljihu ya ji a jikinsa. Ki sauko daga aikin dare, handoba, wato miƙa aiki ga masu karɓar ki, ta ja ki har ƙarfe tara, ki iso gida ga girki, ga yara, ga gaisuwar rasuwa a maƙota da ba a ƙin zuwa, a gidan yawa waye zai yi shiru don ke kina barcin hantsi?

Abin da nake so ki ɗauka a bidiyon nan shi ne, kafin ki rubuta takardar ajiye aiki ki gano takamaimai ina ne ke miki ciwo. Don mutum zai ce na gaji da aikin jinya, in kin bi diddigi sai ki ga aikin dare ne kawai ya kasa, ko wod ɗin da yake, ko nauyin shugabanci. Ki samu littafi, wata guda kina rubuta ranakun da kika dawo a wujiga-wujiga da abin da ya faru ranar, za ki ga abu ɗaya yana ta maimaita kansa.

In abin da ke maimaituwa rikicin rosta ne, da wannan ta ce ɗanta ba lafiya a canja mata, waccan ta ƙi zuwa, kaya sun ƙare a sito ke za a tambaya, an yi kuskure kina gida ke za a kira, tou incaj ɗin ne ke cin ki. A nan mutane ke ruɗewa. A aikin gwamnati albashinki matakinki yake bi a tsarin albashin ma'aikatan lafiya, wato CONHESS, riƙon wod kuwa aiki ne aka ba ki, in kin ce a ba wata ba a mayar da ke ƙaramar nas ba, shekarunki na nan, matakinki na nan. Abin da zai taɓu a aljihu shi ne in kin bar shif kwata-kwata kin koma aikin safe zalla, alawus ɗin shif zai iya fita, don haka ki ɗauki takardar albashinki ki je ofishin albashi su nuna miki da biro nawa ne zai ragu. Asibitin kuɗi lissafinsa daban, can sauka daga muƙami sau da yawa sauka ne daga albashi. Ni a ganina in ragin bai hana tukunya ɗoruwa ba, barcin dare ya fi shi daraja nesa ba kusa ba.

In kuma wod ɗin ne, ace shekara da shekaru kina emajensi ko ɗakin haihuwa ko ɗakin jarirai kina ganin rai na fita a hannunki, ai jinya faɗi gare ta. Akwai awo, akwai rigakafi, akwai kilinik na masu zuwa su koma, akwai ƙananan asibitocin unguwa, ga asibitocin makarantu da Zariya ta tara su. Akwai ƙaro karatu, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko ta lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Barnawa, ko ki yi digirin jinya ta karatun nesa na jami'ar ABU ko buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN ki nufi koyarwa. Sai dai in an ba ki hutun karatu da albashi akwai yarjejeniyar dawowa ki yi musu aiki, ki karanta kafin ki sa hannu.

Maganar fita waje kuma, na san kowa na da ƙawa a Ingila ko Saudiyya. Hanya ce ta halal, ba na kushe ta. Amma don Allah kar a kira ta hutu. Ingila sai kin ci jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, ki yi CBT, jarrabawar jinya ta kwamfuta, ki je can ki yi OSCE, ta gwajin aiki a aikace, ga tantance takardu a nan gida wanda a 2024 aka sa masa sharaɗin sai kin yi shekara biyu kina aiki har nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. In kin isa, shif ɗin wajen awa 12 ne, ba Hajiya ba ƙanwa da za ki bar wa yara. Wadda kuɗi ne matsalarta za ta iya samun sauƙi, wadda jikinta ne ya ƙi kar ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago.

Saura ajiye aikin baki ɗaya. Wata shi ne daidai da ita, hawan jini ya kama ta, baya ya ƙi, ko zuciyar ta fita fit, ba wanda ya isa ya ce ta yi laifi. Amma ki shiga da ido biyu. Dokar fansho ta 2014 ta ce in ba ki kai shekara 50 ba, kika yi wata huɗu ba aiki, kashi 25 cikin ɗari kawai za ki iya cira daga asusun fanshonki, sauran sai lokaci ya yi. Bashin kwafaretib, wato ƙungiyar adashin ma'aikata, da ake cira a albashi yana nan, inshorar lafiyar da ke rufe ki da yara ta wurin aiki take zuwa. Ki fara tambaya ko za a ba ki hutu ba albashi, ƙofa na buɗe kina gwada sana'ar. In kemis kike tunani, lasin ɗin nas ba ya buɗe shagon magani, wannan hukumar harhaɗa magunguna ce ke bayarwa, kuma ki sani unguwa in ta san kina gida ƙarfe biyun dare ma za a buga miki ƙofa a ce yaro na zazzaɓi. Lasin ɗinki kuwa ko kayan kicin kika koma sayarwa a kasuwar Sabon Gari kar ki bari ya mutu, ki ringa sabunta shi a kan lokaci, ki ringa zuwa bitar MCPDP ɗinki, wato bitar ƙaro sani da ake buƙata kafin sabuntawa.

Na san abin da ya fi nauyi ba lissafin ba ne, bakin mutane ne. Maigida ya ce a wannan marrar ake barin aikin gwamnati? Hajiya ta ce haƙuri za ki yi 'yar nan, aikin lada ne. Gaskiya ta faɗa, lada ne, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka, a kan yawan azumi da tsayuwar dare ma ya faɗa masa. Ki zaunar da su da takardar albashi a hannu, ki ce ga abin da zai ragu, ga abin da likita ya ce, ki yi istihara.

In kuma ya kai barci ya ƙaurace miki ko ranar da ba ki da aiki, kina kuka ba dalili, ko tunanin gara ma ki mutu ki huta yana zuwar miki, ki ajiye maganar rosta tukuna ki ga likitan ƙwaƙwalwa a satin nan, akwai su a Shika, akwai a Barnawa in kina jin nauyin abokan aiki.

Ranar da za ki je wajen metiron, wato shugabar nas-nas, kar ki tsaya a baki kawai, maganar baki tana bin iska. Ki gaishe ta yadda ya kamata, ki ce Anti na zo neman shawara ne da alfarma, sannan ki miƙa takarda a rubuce, ki faɗi ɓangaren da kike so da dalili, in akwai rahoton likita ki haɗa, ki ba da lokacin da za ki koya wa wadda za ta karɓe ki. Ki yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin an karɓa ki tafi da ita gida. In wata ya wuce shiru ki koma ki tuna musu.