Fodkas: Cape Three Points, inda ƙasar Ghana ta ƙare

ASABE: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Asabe ce, ga Kawu Bala, ga Habu. Maganar yau ku kuka zaɓa mana ita. Tun da hoton nan ya faɗo zauren WhatsApp na masu sauraro, wayata ba ta huta ba.

HABU: Hoton hasumiyar nan ta bakin teku a Cape Three Points, da aka rubuta "tsakiyar duniya" a ƙasa.

ASABE: Shi. Nan take wani malami ya ce a yi istigfari, Ka'aba ce tsakiyar duniya. Wani ya ce ai ilimin taswira ne. Har sai da aka fitar da mutum biyu daga zauren.

KAWU BALA: To ai ba faɗa a ciki, da an tsaya an saurari juna. Alƙibla tana nan inda take, ba wanda ya taɓa ta. Wannan lissafin masu zana taswira ne. Akwai layi ɗaya da ya sauko daga Ingila ya ratsa garin Tema a Ghana, akwai wani da ya yi wa duniya ɗamara a tsakiya. Inda suka haɗu cikin teku ne, ba komai sai ruwa. To busasshiyar ƙasar da ta fi kusa da mahaɗar nan, ita ce Cape Three Points, kuma ko ita ɗin tsakaninsu ya kai wajen kilomita 570. Shi ke nan fa.

HABU: Ashe ma wanda ya ɗauki hoton bai kai tsakiyar ba.

KAWU BALA: Ina zai kai? Sai dai ya sa kwale-kwale. Amma ni abin da ya dame ni daban ne. An kwana ana gardama a kan wurin, ba wanda ya tambaya me ke can. Mutanenmu na zangon Takoradi da Sekondi, ga wurin a bayan gidansu, amma ka tara mutum ɗari da wuya ka sami wanda ya taɓa takawa.

ASABE: To Kawu kai mu. Daga Takoradi ina aka nufa?

KAWU BALA: Ki kama hanyar yamma har Agona Nkwanta, ki karya hagu kamar za ki Dixcove. Daga nan kwalta za ta yi miki sallama. Jar ƙasa ce, ki yi ta ratsa gonakin roba, itace a jere a jere, kowanne an tsaga masa jiki an rataya ɗan kofi yana ɗigar da farin ruwa. Da damina kuwa, in motarki ƙarama ce ki bar ta a gida. Lokacin da nake jan babbar mota na sha ganin direbobi sun tuɓe riga suna tura taroro, wato motar haya, cikin taɓo. Ki wuce ta Akwidaa, sai ƙauyen masunta, sai ki ga ƙasa ta miƙa hanci cikin ruwa. Duwatsu baƙaƙe, kwakwa ta sunkuya, iska ba ta tsayawa. Ki duba dama teku, hagu teku, gaba teku. Nan ne ƙarshen kudancin Ghana, ba sauran ƙasa a gabanki.

HABU: Hasumiyar fa? Ana hawa?

KAWU BALA: Ana hawa, ka nemi mai gadi ka gaishe shi da kyau. Biyu ne ma. Ta farko Turawan Ingila suka gina a 1875, kufanta na nan. Wadda ke aiki yanzu ta 1925 ce, kuma da hasken rana fitilar ke ci. In ka hau sama ka juya baya, sai ka ga daji kore shar ya taho har kusa da ruwa. Wannan dajin gwamnati ta killace shi tun 1949, kuma a duk gaɓar tekun Ghana irinsa kaɗan ne suka rage. Akwai wani biri mai farin ƙeya a ciki, yana cikin biran da ake tsoron ƙarewarsu a duniya. Akwai manyan dangin cilakowa, in suna tashi sai ka ji fukafukinsu kafin ka gan su.

ASABE: Ni kifin nan nake so ka faɗa, wanda ka ce ya sa ka salati.

KAWU BALA: Wel, wanda Turawa ke kira whale! Wannan ba kifi ba ne ma, Asabe, haihuwa yake yi, uwar ta shayar da ɗanta nono, kuma dole ya taso sama ya shaƙi iska. Wajen watan Agusta zuwa Oktoba suke zuwa ruwanmu daga can kudu mai sanyi, su haihu a ruwan ɗumi. Kina tsaye sai ki ga feshi ya tashi can nesa, sai baƙin gadon baya, sai wutsiya ta ɗaga ta nutse a hankali. Tsawonsa ya kai na tirela. Wallahi duk wanda ya ga wannan bai ce Subhanallah ba, a duba zuciyarsa.

HABU: Ni fa Kawu tambayata ɗaya. In mun je me za mu ci?

ASABE: Ga shi nan! Na san za a zo nan.

HABU: A'a, magana ce ta gaskiya. Kar a kai ni ƙarshen ƙasa a miƙo min dokunu.

KAWU BALA: Me dokunu ya yi maka?

HABU: Tsami, Kawu. Tuwon da ya kwana uku a gidanmu zubarwa ake yi, nan kuma sai a naɗe shi a ganye a ce ka biya.

ASABE: Kai da kake shan fura da nono mai tsami har kana lumshe ido?

HABU: Wannan tsamin albarka ne.

KAWU BALA: Yaro, ba ka ci na Fante ba ne, wanda ake naɗewa da ganyen ayaba. A gasa maka kifin da aka fitar da shi daga ruwa da safen nan, a daka tattasai da albasa, ga shito a gefe.

HABU: Shiton da ya sa ni hawaye a gidan Anti Asabe?

ASABE: Ai kai ka ɗiba da babban cokali, ka ɗauka miyar kuka ce.

HABU: Ba wanda ya gargaɗe ni! Kowa ya zuba min ido.

KAWU BALA: To za mu tafi maka da garin kwaki da sukari a leda.

HABU: Da ƙuli-ƙuli.

ASABE: Da ƙuli-ƙuli. Masu sauraro ku shaida, za a je kallon teku da ƙuli-ƙuli a aljihu.

HABU: Da kilishi in an samu.

ASABE: Ya isa! Kawu, kunkuru.

KAWU BALA: Yauwa. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni. Rairayin da ke tsakanin Akwidaa da Cape Three Points, kunkurun teku na fitowa da dare su yi ƙwai, galibi daga ƙarshen damina zuwa cikin rani. Akwai wani iri da ba shi da ƙoƙon baya mai tauri, fata ce, nauyinsa ya fi na mutum huɗu. Uwar za ta jawo jiki da ƙyar, ta tona rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe, ta share wurin, ta koma ruwa. Ba za ta ƙara ganinsu ba. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fashe su nufi inda suka ga haske. Shi ya sa in an kunna fitila a bakin rairayi sai su ɓace hanya, kare da hankaka su cinye. Kuma zafin yashin ne ke raba mace da namiji, in ya yi zafi mata sun fi yawa.

HABU: Ikon Allah. To mutane ba sa ɗibar ƙwan?

KAWU BALA: Suna ɗiba, har uwar ma ana yankawa, ko da yake doka ta hana. Ni ba na saurin zagin masunci. Mutum ya kwana a ruwa, kunkuru ya yaga masa koma, ya dawo ba kifi, manyan jiragen waje sun kwashe. Amma duk da haka ba daidai ba ne. Dabbar da sai ta shekara da shekaru kafin ta fara ƙwai, in ka yanka uwa ɗaya ka yanke zuriya. Yanzu akwai samarin ƙauyukan da ke sintiri da dare suna tsaron ramukan, baƙi su biya su a kai su kallo. Wannan ya fi, kunkurun na raye kuma ana cin abinci da shi. Haka dajin ma, masu galamse, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba, da masu zarto sun sa shi gaba.

ASABE: Wata mai sauraro ta rubuto ta ce ita a labarin man fetur kawai ta taɓa jin sunan wurin.

KAWU BALA: Ta yi gaskiya. A 2007 aka gano rijiyar Jubilee a cikin teku, kamar kilomita 60 daga gaɓa, aka fara haƙo a Disambar 2010. Sunan Cape Three Points ya shiga takardun kamfanoni har Landan da Amurka. Amma je ka ga hanyar ƙauyen. Kuma an shata wa masunta iyaka, kar su kusanci wurin haƙar, alhali kifin can yake taruwa saboda hasken fitilu. Abin na ci min rai ƙwarai. Kuma ba yau aka fara ba. Wannan gaɓar ta Ahanta, tun da Turawan Fotugal suka iso a 1471 ake kwasar arzikinta a jirgi.

HABU: Su ne suka gina tsohon sansanin dutsen nan na garin Princes Town?

KAWU BALA: A'a, wannan Jamusawa ne, mutanen Brandenburg. A 1683 suka kafa shi a kan tudu, suka sa masa Gross Friedrichsburg. Suna da wani ƙarami a Akwidaa, Dorothea, yanzu saiwar itace ta rungume bangonsa. Zinariya suka zo nema, suka shiga cinikin bayi, jiragensu na kai mutane tsibirin St. Thomas a yankin Karibiyan. Ka shiga ɗakunan ƙasa na gidan nan, duhu, bango na gumi, kana jin teku na dukan dutse ta waje. Ni da na shiga ban iya magana ba sai da muka fito. To da Jamusawan suka sayar wa Holan da wurin a 1717, akwai wani attajiri ɗan ƙasa, Jan Conny, mai dakarunsa da bindigoginsa. Ya ce ba wanda zai shiga. Ya riƙe gidan nan har 1724 kafin Holan su iya karɓa.

ASABE: Shekara bakwai!

KAWU BALA: Ba waliyyi ba ne fa, shi ma dillalin Turawan ne, da hannunsa a cinikin. Amma sunansa ya haye teku. Bikin Junkanoo da ake yi a Bahamas da Jamaika, masana da yawa na danganta shi da sunan mutumin nan. Sannan ga Sarkin Ahanta, Badu Bonsu na biyu. Holan suka kashe shi a 1838, suka yanke kansa suka tafi da shi. Kan nan yana cikin kwalba a Leiden, ƙasar Holan, har 2009, sannan aka dawo wa mutanensa da shi. Jikokin jikokinsa ne suka je suka karɓo. Yaranmu na makarantar allo da na boko duk ba su san wannan ba, ga shi UNESCO ta sa gidajen nan cikin kayan tarihin duniya tun 1979. Mu da kakanninmu suka yi fataucin goro ta Salaga, inda aka yi babbar kasuwar bayi, bai kamata mu ce wannan tarihin na mutanen kudu ne kaɗai ba.

HABU: To ni dai na yarda, a sa ni a lissafi. Ko dokunun ne zan daure.

ASABE: An ji, an rubuta. Mun yi alkawarin za mu kawo tsarin tafiyar, kuɗin mota da wurin kwana, amma mai ɗaukar sauti na ta nuna min agogo.

KAWU BALA: Bari in ƙara ɗaya kawai, maganar ranar Talata da masunta da yawa ba sa shiga teku...

ASABE: Kawu, an kira la'asar.

KAWU BALA: To a bar shi. Amma wanda zai je ya tafi da takalmi mai kama ƙasa, duwatsun na da santsi, kuma kar kowa ya shiga ruwan wurin hasumiya, yana ja.

ASABE: Sauran bayani za mu sa a zaure. Wanda ke so ya rubuta sunansa, kuma don Allah a mayar da mutum biyun nan da aka fitar. Sai mako mai zuwa, wassalamu alaikum.